Sakkwato Zuwa Maiduguri Ta Sama: Yadda Ake Lissafa Nisa Da Ainihin Lokacin Tafiya

Idan ka buga sunan Sakkwato da Maiduguri a shafukan intanet ɗin nan masu lissafa nisan jirgi, za su ba ka kilomita 860 da 'yan kai, su ce tafiyar awa ɗaya da minti 20 ce ko kusa da haka. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai wanda ya dogara da wannan ya yi alkawarin halartar ɗaurin aure ko ganin likita zai sha mamaki, domin mutumin da ya bar gida a Sakkwato da safe sau da yawa sai bayan la'asar yake taka ƙasar Maiduguri, wani lokaci ma sai washegari. Lissafi uku ne a cikin maganar, kowanne da hanyarsa: nisan da ke tsakanin filayen jirgin biyu a miƙe, lokacin da jirgi ke ci daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta, sai lokacin da fasinja ke ci daga ƙofar gidansa zuwa masauki. Mun ɗauki waɗannan filaye biyu ne saboda ɗaya yana ƙuryar yamma ɗaya yana ƙuryar gabas, Kano kuma tana tsakani, amma dabarar ɗaya ce ko Agadas da Damagaram kake nema.

Mataki na 1: ka tabbatar da filin da kake nufi

Da lamba ake aiki, ba da suna ba. Kowane fili yana da lamba iri biyu. Mai harufa uku ita ce wadda kake gani a tikiti da jikin takardar da ake liƙa wa jaka: SKO Sakkwato, MIU Maiduguri, KAN Kano, ABV Abuja. Mai harufa huɗu ta matuƙa ce da masu hasashen yanayi: DNSO, DNMA, DNKN, DNAA. Duk filin da lambarsa ta fara da DN na Najeriya ne, DR na Nijar, FT na Chadi. Ka rubuta duka biyun, domin ta farko ce za ta nemo maka tikiti, ta biyu kuma rahoton yanayi.

Suna yana canjawa. Filin Maiduguri an sa masa sunan Muhammadu Buhari a 2023, shafuka da yawa kuma har yanzu tsohon sunan suke ɗauke da shi, amma MIU tana nan yadda take. Kada kuma ka auna daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, a nan ne amsoshin shafuka ke saɓawa da kilomita goma ko ashirin.

Mataki na 2: ka samo mazaunin kowane fili a taswira

Lambobi biyu ke nuna mazaunin wuri a doron ƙasa: latitud, wato nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu, da longitud, wato nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic ta Ingila. Ana rubuta su da digiri da minti, kowane digiri minti 60 ne. Wannan mintin na awon kusurwa ne, ba na agogo ba.

Sakkwato: 12°55′ arewa, 5°12′ gabas.
Maiduguri: 11°51′ arewa, 13°05′ gabas.
Kano: 12°03′ arewa, 8°31′ gabas.
Abuja: 9°00′ arewa, 7°16′ gabas.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya ga 12°55′ ya danna 12.55 a kalkuleta. Minti 55 cikin 60 ne, ba cikin 100 ba, saboda haka 12.92 ne daidai. Wannan ɗan bambancin ya kai kilomita 40 a ƙasa. Hanyar kauce masa ita ce a mayar da komai minti, a yi lissafin a haka.

Mataki na 3: fitar da nisa a miƙe

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne minti ɗaya na latitud daidai yake da mil ɗaya na teku, wato mita 1,852, kuma da wannan mil ɗin matuƙa jirgin sama ke awo.

Fara da arewa da kudu. Cire 11°51′ daga 12°55′, saura 1°04′, wato minti 64. Mil 64 ke nan, ba sai an ƙara taɓa shi ba.

Sai gabas da yamma. Za ka cire 5°12′ daga 13°05′. Tunda 12 ba ta fita daga 5, ka aro digiri ɗaya, ka tuna 60 ka aro ba 100 ba: 12°65′ a cire 5°12′, saura 7°53′. Bakwai sau 60 a ƙara 53, minti 473.

Wannan 473 ɗin ba mil ba ne tukuna. Layukan longitud kamar layukan jikin kabewa suke: a ciki sun buɗe, suna matsewa yayin da ake nufar kai, har su haɗu wuri ɗaya. Saboda haka sai an rage adadin gwargwadon nisan wurin daga tsakiyar duniya. Ka ɗauki tsaka-tsakin latitud ɗin filayen biyu, a nan 12.4, ka danna maɓallin cos a kalkuletar wayarka, zai ba ka 0.977. Ninka 473 da 0.977, ka sami 462.

Kafin ka yarda da amsar, ka gwada kalkuletar: danna cos 60. In ta ba ka 0.5 tana kan digiri, lafiya lau. In ta ba ka wani abu daban, tana kan RAD, sai ka mayar da ita DEG. Wannan tarkon yana da wuyar ganewa a yankinmu, domin a kan RAD cos 12.4 yana ba da 0.986, lambar da ta yi kama da gaskiya har ba za ka zargi komai ba, amma da ka sa 12 cif, wato latitud ɗin Kano, sai ta faɗo 0.844, lissafin ya lalace da mil da dama.

Yanzu kana da gefe biyu, 462 da 64. Ninka kowanne da kansa: 213,444 da 4,096. Haɗa su, 217,540. Danna maɓallin √, amsa 466. Nisan Sakkwato da Maiduguri a miƙe mil 466 ne na teku. Ninka da 1.852, kilomita 863. In ka ga wani shafi ya rubuta 536, mil ɗin ƙasa yake nufi, mai kilomita 1.609. Lambobin nan uku, 466 da 536 da 863, nisa ɗaya ne, kuma wanda ya cakuɗa su a mataki na gaba zai fitar da lokacin da ba shi da alaƙa da gaskiya.

In ka maimaita lissafin da Kano za ka ga abin sha'awa. Kano zuwa Sakkwato mil 201 ne, kilomita 372. Kano zuwa Maiduguri mil 268, kilomita 497. Jimla 469, mil uku kacal sama da miƙaƙƙen layi. Wato jirgin da ya taso daga Sakkwato ya miƙe Maiduguri, ta gefen Kano zai wuce.

A wajenmu maganar cos ba ta cika ciwo ba: wanda ya manta da ita zai sami 477 maimakon 466. Can ƙuryar arewacin duniya ne take zama komai. Digiri ɗaya na longitud a Kano kusan kilomita 109 ne, amma a Longyearbyen, a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, inda fili mafi nisa a arewa da jiragen fasinja ke zuwa a kai a kai yake, bai kai kilomita 23 ba. Filin yana 78°15′ arewa, 15°28′ gabas, na garin Tromso na Norway da jirage ke tasowa yana 69°41′ arewa, 18°55′ gabas. Arewa da kudu minti 514, gabas da yamma minti 207, amma da an ninka da cos 74 sai 207 ta koma 57. Nisan mil 517 ne, kilomita 957. Wanda ya tsallake cos zai ce 554.

Wannan dabarar tana aiki sosai a tafiyar da ba ta wuce kilomita dubu ko dubu da ɗari biyar ba. Doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Jidda, mai kimanin kilomita 3,400, lanƙwasar duniya tana shiga ciki, gara a bar wa kwamfuta.

Mataki na 4: ƙara abin da hanya ke ci

Jirgi ba ya bin zaren da ka ja a taswira. Akwai hanyoyi a sama da aka shata daga wannan alama zuwa waccan, akwai wuraren soja da ake zagayewa, masu kula da zirga-zirga na hukumar NAMA kuma suna iya karkatar da jirgi don ya ba wani wuri.  Akwai kuma fuskar titin jirgi. Babban titin filin Malam Aminu Kano lambarsa 06/24, ma'ana wani kansa yana kallon arewa maso gabas, ɗayan kudu maso yamma. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, sai a tashi ta 06, mai zuwa Maiduguri ya kama hanya nan take. Da damina iska ta juya, a tashi ta 24, sai ya yi kwana ya dawo kafin ya fuskanci gabas.

A lissafin shiri, ƙara kashi 5 cikin ɗari a rana mai kyau, kashi 10 da damina saboda kewaye hadari. Mil 466 ya zama 490.

Mataki na 5: daga nisa zuwa lokaci

Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya mil ɗaya ne na teku a awa. Shi ya sa muka bar nisan a mil ɗin teku: raba shi kawai za ka yi da gudun. Kada ka raba kilomita da not. Wanda ya raba 863 da 450 zai sami kusan awa biyu, alhali ba haka ba ne.

Jet irin Boeing 737 ko Embraer 145 yana gudun kimanin not 450 idan ya daidaita a sama. Mai farfela irin ATR 72 kimanin 275. Ƙaramin jirgin shata irin King Air kimanin 290, Cessna Caravan mai inji ɗaya kimanin 175.

Ɗauki jet. Raba 490 da 450, amsa 1.09. Wannan ba awa ɗaya da minti tara ba ne. Ninka shi da 60, minti 65. To amma jirgi ba ya fara gudun 450 daga ƙasa. Yana hawa a hankali, ƙasa da ƙafa 10,000 kuma a wurare da yawa ba a yarda ya wuce not 250 ba, wajen sauka ma sai ya rage gudu ya daidaita da titi. Ƙara minti 12 saboda wannan, 77 ke nan, shi ne lokacin da ƙafafun jirgi ba sa ƙasa. Sai tura jirgi baya, tayar da inji, gangarawa zuwa bakin titi, jiran izinin hasumiya, da gangarowa wurin tsayawa bayan an sauka: ƙara minti 15. Jimla minti 92, awa ɗaya da rabi. Irin wannan adadin ne kamfani ke bugawa a tikiti, shi ya sa in matuƙi ya ce tafiyar awa ɗaya da kwata ce alhali tikiti ya nuna awa ɗaya da rabi, babu wanda ya yi kuskure.

ATR 72 zai ba ka 1.78, wato awa ɗaya da minti 47, da ƙarin hawa da sauka da tafiyar ƙasa ya kai awa biyu da minti 14. King Air awa biyu da 'yan mintuna. Caravan ya haura awa uku.

Gajeriyar tafiya tana da nata hali. Kano zuwa Sakkwato bai kai rabin nisan Sakkwato zuwa Maiduguri ba, amma lokacinsa ya fi rabi: minti 28 na gudu, da 12, da 15, minti 55. Minti 27 ɗin nan na hawa da sauka da ƙasa ba sa raguwa don tafiya ta gajarta. Ga kuma ƙa'idar matuƙa ta sauka: mil uku ga kowace ƙafa dubu. Jirgin da ke ƙafa 33,000 sai ya fara gangarowa tun yana mil 100 daga fili. A tafiyar mil 200 rabin hanya ke nan, don haka ba ya ma hawa can, sai ya tsaya a ƙasa da haka inda gudunsa bai kai cikakke ba. Wannan ne dalilin da ya sa a gajeren zango jet bai fi mai farfela da wani abin kirki ba, bambancin bai cika wuce minti 15 ko 20 ba.

Mataki na 6: iska

Gudun da muka yi aiki da shi gudun jirgi ne a cikin iska. Gudunsa a kan ƙasa shi ne wannan, a ƙara iskar da ke tura shi ko a cire wadda ke tare shi. Iskar not 30 daga baya tana mayar da minti 65 ɗin jet 61, daga gaba kuma 70. Ƙaramin jirgi ne ke jin jiki: Caravan da iskar not 25 a baya zai yi awa biyu da minti 27, a dawowa awa uku da minti 16. In ka haɗa zuwa da dawowa za ka ga sun fi na ranar da babu iska da minti bakwai, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin iskar da ke tare shi fiye da wadda ke tura shi. Ribar zuwa ba ta biyan asarar dawowa.

Kada ka auna iskar sama da wadda ke kaɗa maka riga. Da hunturu, a ƙasa iska daga arewa maso gabas take zuwa, amma can inda jet ke tafiya yawanci daga yamma take, sai mai zuwa Maiduguri ya riga lokaci, mai komawa Sakkwato ya ɗan makara. Da damina sai ta juya, iskar sama ta taso daga gabas. A tsakiyar damina akwai kuma wata iska mai ƙarfi daga gabas a wajen ƙafa 10,000 zuwa 14,000, daidai inda ƙananan jirage ke bi.

Mataki na 7: hanyar da za ka bi a zahiri

Nan ne lissafin intanet ke rabuwa da gaskiya. Jiragen fasinja na Sakkwato da na Maiduguri Abuja suka saba nufa, ba juna ba. Sakkwato zuwa Abuja mil 265 ne, kilomita 490. Abuja zuwa Maiduguri mil 383, kilomita 710. Jimla mil 648, kilomita 1,200, ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari a kan miƙaƙƙen layi. Da dabarar mataki na 5, zangon farko awa ɗaya da minti biyar, na biyu awa ɗaya da minti 20.

Yanzu jera ranar gaba ɗaya. Gida zuwa fili, minti 30. Isa fili kafin tashi don auna kaya, karɓar katin shiga da bincike, awa ɗaya da rabi. Zangon farko, 1:05. Jira a Abuja, awa uku. Zango na biyu, 1:20. Jiran jaka, minti 30. Fili zuwa masauki, minti 30. Jimla awa takwas da minti 25, kuma wannan ranar da komai ya tafi daidai ke nan.

Awa ukun Abuja ba ɓata lokaci ba ne. In tikiti biyun na kamfanoni daban-daban ne, ko ma na kamfani ɗaya amma an saye su a rarrabe, sai ka sauka ka jira jakarka, ka fita, ka sake bin layin auna kaya, ka sake bin bincike, kuma ana rufe kantar auna kaya tun kafin lokacin tashi, galibi da minti 45 ko makamancin haka. Jirgin farko in ya makara da awa ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne, mai tazarar awa ɗaya da rabi ya rasa na biyu, kamfanin na biyu kuma ba ruwansa da makarar wani, a wajensa kai ne ba ka zo ba.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, kuma shi ne halin duk filin da ke gefe: ba kasafai jirgi ke kwana a can ba. Wanda zai ɗauke ka daga Sakkwato sai ya fara tasowa daga Abuja ko Legas, ya sauke mutane, sannan ya kwashe ku. Saboda haka tashinku ya dogara da tashinsa, duk makarar da ya yi a zangonsa na safe ku za ku gada. In kuma jirgin Maiduguri na wannan rana da safe yake barin Abuja, kafin ka iso ya tafi, kwana ya kama ka. Kafin ka biya kuɗi, ka ɗora jadawalin zango biyun gefe da gefe na ainihin ranar da kake so, domin wasu jiragen ba kullum suke zuwa ba. Ranar tafiya kuma ka buɗe manhaja irin Flightradar24 ka duba ko jirgin da zai zo ɗaukarku ya taso. In bai taso ba, ƙara tsawon zangonsa da minti 40 na sauke fasinja da lodi, ka san lokacin tashinku na gaskiya tun kafin a yi sanarwa.

Mutumin Kano ya yi wannan lissafin da kyau kafin ya yanke shawara. In akwai jirgi kai tsaye zuwa Maiduguri, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce. In sai ta Abuja, mil 197 da 383 ne, jimla 580, ya ninka 268 ɗin har da ɗori, ranar kuma ta tafi. Titin mota ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu kusan kilomita 600 ne. Wanda ya fita bayan sallar asuba yana iya riga mai bi ta Abuja isa, sai dai ya sa shingayen bincike a lissafi, kada kuma dare ya same shi a hanya.

Mataki na 8: abubuwan da ke rushe lissafin

Hazo ne babba. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi tana rufe yankin nan. Kowane fili yana da mafi ƙarancin nisan gani da aka yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke jagorantar jirgi zuwa titi. Inda akwai na'urar ILS ta matakin farko tana aiki, kimanin mita 800 ake nema. Inda babu, ko ta lalace, ana neman fiye da haka sosai. Shi ya sa za ka ga an sauka a wani fili an kasa a wani, alhali hazon ɗaya ne.

Kana iya duba wannan da kanka. Buga METAR da lambar fili mai harufa huɗu a intanet, rahoton da ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitarwa zai fito. A ce ka ga DNMA 150900Z 05014KT 0700 DU. DNMA Maiduguri. 15 ranar wata, 0900Z ƙarfe tara agogon duniya, ƙara awa ɗaya ya zama ƙarfe goma namu. 05014KT iska daga kusurwa 050, wato arewa maso gabas, da gudun not 14. 0700 nisan gani mita 700, DU ƙura. Da irin wannan rahoton, kada ka sa rai. In ka ga 9999, gani ya kai kilomita goma ko fiye. HZ hazo ne, TS hadari mai tsawa. Rahoton TAF kuma shi ke hasashen awannin da ke tafe. Tunda ƙurar daga arewa maso gabas take zuwa, Maiduguri ke fara shan ta, saboda haka rahoton Maiduguri na yau gargaɗi ne ga mai tashi daga Kano gobe.

Da damina hadari ne. Yakan taso daga gabas ya nufi yamma, ya fi yawa da yamma da dare, kuma yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu. Jinkiri yake kawowa, hazo kuwa yana iya cinye kwana biyu ko uku. A kowane hali jirgin safe ya fi na yamma tabbas.

Sai rana. Filaye da dama a ƙasar nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suke aiki, sai in an nemi ƙarin lokaci. Ka tambayi kamfanin ko filin da za ka yana karɓar jirgi da dare a wannan lokacin. Agogon Sakkwato da na Maiduguri ɗaya ne, amma ranarsu ba ɗaya ba ce. Kowane digiri na longitud minti huɗu ne na agogo, 7°53′ kuwa ya ba da minti 31. Duk mai azumi ya san Maiduguri na riga Kano shan ruwa da kusan minti 18, Kano kuma ta riga Sakkwato da kusan 13. A farkon Disamba rana na faɗuwa a Maiduguri wajen 5:40, a Sakkwato wajen 6:10. Jirgin da aka tsara zai bar Abuja ƙarfe uku zuwa gabas, in ya makara da awa ɗaya da rabi, ya shiga matsala, alhali mai zuwa yamma yana da sauran rabin awa a hannu. Tsakanin Najeriya, Nijar da Chadi babu bambancin agogo. Jidda ce ke gabanmu da awa biyu, tikiti kuma kullum da agogon garin da aka sauka yake rubuta lokacin isa.

Zafin Afrilu da Mayu ma yana da nasa. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Matuƙa suna ƙiyasta shi haka: kowane digiri ɗaya na zafi sama da ma'aunin da aka ɗauka na wurin yana ƙara wa fili tsayin ƙafa 120. Filin Kano yana kimanin ƙafa 1,560 sama da teku, ma'auninsa digiri 12. Ranar da zafi ya kai 42, bambancin 30 ne, sau 120 ya ba da 3,600, jirgi zai ji kamar daga tsayin ƙafa 5,000 da 'yan kai yake tashi. Sakamakon shi ne rage nauyi, kuma jakunkuna ake fara bari. Magani, takardu da kayan da za ka sa a taron su kasance a jakar hannu.

In aka soke tafiya ko aka yi dogon jinkiri, sashe na 19 na dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ne ya tsara haƙƙin fasinja, hukumar kuma tana da jami'an karɓar koke a filayen jirgi. Ka riƙe katin shigarka da saƙon da kamfani ya turo.

Ga mai niyyar ɗaukar shata

Shata ce kawai ke ba ka awa ɗaya da rabi ko biyun nan na miƙaƙƙen layi, amma ba kuɗin mil 466 za ka biya ba. Jirgin da ke zaune a Abuja sai ya zo Sakkwato ba kowa, ya kai ku Maiduguri, ya koma Abuja ba kowa: 265 da 466 da 383, mil 1,114. A jet kusan awa huɗu ke nan, kuma da awa ake caji. Tambayar farko ga dillali ita ce ina jirgin yake kwana.

Ta biyu maganar man jirgi ce. Doka ba ta yarda jirgi ya tashi da man zango kaɗai ba. Sai ya ɗauki ƙarin kashi 5 cikin ɗari, da man da zai kai shi filin ko-ta-kwana in sauka ta gagara, da ajiyar minti 30 ga jet. A Sakkwato abin da sauƙi, Birnin Kebbi na kimanin mil 55, Katsina 144. Maiduguri kuwa maƙwabtanta da nisa: Yola da Gombe kowanne kimanin mil 160, Kano 268, Njamena ce ma ta fi kusa, mil 116, sai dai wata ƙasa ce mai nata izini. Da hunturu hazon da ya rufe Maiduguri yana iya rufe na kusa da ita duka, sai a ɗauki Abuja a matsayin ko-ta-kwana, man ya ƙaru, adadin mutane da kayan da ƙaramin jirgi zai ɗauka ya ragu. Ka ba dillali yawan fasinja da nauyin kaya na gaskiya tun farko, ka kuma sa ya tabbatar maka a rubuce cewa akwai man jirgi a filin da za ku sauka a ranar, domin in babu, ko dai a ɗauko man dawowa tun daga farko a rage muku kujeru, ko a ya da zango a Kano a sha mai, wanda zai ƙara muku kusan awa ɗaya.